Na taka bust a na'urar jita, sauti bai tashi ba: ina matsalar take?

Tambaya: "Assalamu alaikum Oga. Ni makaɗin jita ne, muna da ƙaramar ƙungiya da ke kiɗa a wuraren biki. Kwanan baya na sayar da tsohuwar amfilifayata, na sayi na'urar nan ta ƙafa mai kwaikwayon amfilifaya da feda iri-iri, ina jona ta kai tsaye a miksa. Idan lokacin solo ya zo na taka bust, sautin ba ya tashi ko kaɗan, sai dai ya ƙara kaushi da shuuu. Idan kuma na kunna obadiraif, a hedifon a gida yana da daɗi, amma a filin biki sai ya koma siriri mai soke kunne, kibod da ganga su haɗiye ni. Na'urar tana da obadiraif sun fi ashirin, na rasa wanda zan ɗauka. Shin na'urar ce ba ta da kyau, ko ni ne ban iya ba?"

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka kwantar da hankalinka, kada ka yi gaggawar mayar da na'urar kasuwa. Abin da ka bayyana shi ne ainihin abin da amfilifaya ta gaske za ta yi maka da a ce ka jera mata feda haka. Wato na'urar tana kwaikwayon ne tsakani da Allah, har da halin da ba ka so. Kana son sanin me ya sa bust, wato fedar ɗaga ƙarfin sigina, yake ƙara kaushi maimakon ƙarfin sauti, me ya sa obadiraif, wato fedar sa wa sauti ɗan kaushi, yake daɗi a ɗaki amma ya ɓace a fili, da kuma wanne za ka ɗauka cikin tarin da aka zuba maka. Ta ƙarshen ta fi sauƙi, ko da yake a kanta mutane suka fi kwana ba barci. Ta farkon ce tushe, a kanta zan daɗe.

Inda kaushin yake fitowa

Abin da jita mai lantarki take turawa cikin waya ɗan ƙaramin lantarki ne mai hawa da sauka daidai da kaɗawar tsirkiya. Aikin amfilifaya ta girmama wannan hawa da sauka. Amma kowace amfilifaya tana da iyakar da ba ta iya ƙetarewa, domin wutar da ke cikinta ƙayyadaddiya ce. Muddin siginar tana ƙasa da iyakar, duk abin da ka ƙara a shiga za ka same shi a fita, sauti garau. Da ta taɓo iyakar, sai a datse kan igiyar, ya baje. Wannan datsewar ita kunne yake ji a matsayin kaushi. Tulun da ya cika, ko bokiti guda ka juye masa ruwan ba zai yi tudu ba, ta gefe zai malala. Amfilifayar da ke cikin firiset ɗinka, wato saitin sautin da ka adana a na'urar, ta riga ta cika tun kafin ka taka bust, saboda haka desibel (ma'aunin ƙarfin sauti) shida ko goma da ya kawo ba su sami wurin zama ba, suka rikiɗe suka zama kaushi da jan amo da shuuu ɗin nan da kake ji.

Datsewa tana kuma haifar da sautukan da ba ka kaɗa ba. Tsirkiya ta biyar a sake, wato A, tana kaɗawa sau 110 a daƙiƙa. Idan aka datse ta sai ta haifi 'ya'ya a 220 da 330 da 440 da 550, a yi ta hawa. In datsewar daidai take sama da ƙasa, su 330 da 550 ne ke rinjaye. In ta fi yawa a gefe ɗaya, su 220 da 440 su ma sai su shigo. Amo ɗaya ba ya damuwa da wannan, kauri ma yake ƙarawa. Rikicin yana tasowa ne idan ka kaɗa tsirkiya huɗu ko biyar tare, domin a lokacin datsewar tana haɗa su ta fitar da jimillarsu da bambancinsu, sautukan da ba su da dangantaka da kod ɗin. Shi ya sa 'yan rok masu kaushi da yawa suke kama tsirkiya biyu ko uku kawai. Kai da kake kiɗan biki da cikakken kod da saurin yatsa, rabin kaushin da kake zato ma ya ishe ka.

Daga ina waɗannan fedoji suka samo hali

Duk bulok ɗin bust ko obadiraif da ke kan allon na'urarka kwafin wata feda ce da aka ƙera don magance wata matsala ta musamman, kuma in ka san matsalar ka san amfanin bulok ɗin. A tsakiyar shekarun 1960 wani kamfani a Landan ya fito da Dallas Rangemaster, ɗan akwati mai taransisto ɗaya tak na jamaniyom, ana ɗora shi a kan amfilifaya. Amfilifayoyin Ingila na lokacin, irin Vox AC30, in an ƙure su sai sautin ya yi duhu ya dagule. Rangemaster yana rage kaurin ƙasa, ya tura tsakiya da sama da ƙarfi. Da shi Brian May da Tony Iommi suka yi fice. A ƙarshen shekarun 1960 kuma Electro-Harmonix a New York ta yi LPB-1, wanda shi kusan komai yake ɗagawa gaba ɗaya. Tun daga nan bust ya rabu gida biyu, mai ɗaga duka da mai zaɓar abin da zai ɗaga.

Obadiraif ya zo daga baya, da nufin a sami kaushin amfilifaya mai bawul ba tare da an kurmantar da jama'a ba. Boss ta fitar da OD-1 a 1977. A 1979 Ibanez ta fito da koriyar fedar nan Tube Screamer TS808, wadda kamfanin Maxon na Japan ya ƙera, zanen Susumu Tamura. Ita ce ya kamata ka fi sani, domin da wuya ka sami na'urar da ba ta da kwafinta. A cikinta akwai dayod biyu masu datse sigina a hankali, amma babban sirrinta shi ne ba ta ƙarfafa abin da ke ƙasa da wajen 720 Hz, wato kaɗawa sau 720 a daƙiƙa, kamar yadda take ƙarfafa na sama, sannan tana rage kaifin can sama. Abin da ya rage shi ne tozo a tsakiya. Stevie Ray Vaughan yana sa ta gaban amfilifayoyin Fender, waɗanda dama tsakiyarsu a loɓe take, sai ta cike gurbin. Masu kiɗan metal kuwa suna sa ta gaban amfilifaya mai tsananin kaushi irin Peavey 5150, su mayar da Drive sifili su ƙure Level. Ba ƙarin kaushi suke nema ba, so suke ta share kaurin ƙasa kafin ya shiga ya dagula komai. Feda ɗaya ke nan, aiki biyu mabambanta, kuma amfilifayar da ke bayanta ce take yanke wanne za ta yi.

Sauran na zagaye ne da wannan. Boss SD-1 ta 1981 'yar uwarta ce, sai dai dayod uku gare ta, biyu a gefe guda, ɗaya a ɗaya gefen, don haka ta ɗan fi ta tsini. Pro Co RAT tana datsewa da ƙarfi, ta tsallaka zuwa abin da ake kira distoshin, kuma maɓallinta na Filter a juye yake aiki, in ka murɗa dama kaifi raguwa yake. Klon Centaur, wadda Bill Finnegan ya soma sayarwa a 1994, tana gauraya sigina garau da mai kaushi, tana kuma ninka wutar batirinta a ciki don ta sami sarari. Yau tsohuwarta dubban daloli ake sayarwa, abin da ni dai har yanzu yake ba ni dariya, tunda yawancin masu ita a matsayin bust kawai suke amfani da ita, Gain ɗin a ƙasa.

Kamfanonin na'ura ba sa rubuta waɗannan sunaye saboda haƙƙin mallaka, sai su yi musu laƙabi. Tube Screamer ita ce Scream 808 a Line 6 Helix, T808 OD a Fractal, T-Scream a Boss, TS Drive a Zoom. Klon ita ce Minotaur a Helix, GoldDrive a Zoom. Rangemaster a Helix Deranged Master ne, RAT kuma Vermin Dist. Ka buɗe littafin na'urarka, galibi akwai shafin da ke nuna wace feda kowane bulok yake kwaikwaya. Za ka ga ashirin ɗin nan naka iyali huɗu ne ko biyar suka yi ta hayayyafa.

Maganar solo

A duniyar waya da ƙarfe, mai amfilifaya ɗaya yana da wahalar sa wani abu bayan wurin da kaushi ke faruwa, sai in tana da mashigar baya ta jona feda, wadda ake kira effects loop. A na'urarka kuwa bulok kawai za ka ja daga hagu zuwa dama. Bust ɗin da ke gaban bulok na amfilifaya yana canja yawan abin da ke shiga, don haka sakamakonsa ya dogara ga sararin da ya rage mata. In kwafin Fender Twin ce ko Roland JC-120 kuma Gain ɗin yana ƙasa, sarari na nan, ƙara za ta tashi. In kwafin Marshall JCM800 ce da aka buɗe mata Gain, kaushi kawai za ka samu. Bust ɗin da ke bayan amfilifaya da akwatin sifika kuwa ba ruwansa da kaushi, ya tarar an gama datsewa, ƙara zalla zai ɗaga. Wannan shi kake nema.

Yadda nake yi shi ne in sa bulok na Gain ko Volume ko EQ (mai daidaita kauri da tsakiya da kaifi) bayan akwatin sifika, gaban maimaita amo da amsa-kuwwa, in ɗaga desibel uku zuwa huɗu. A kunne kaɗai a ɗaki za ka ga kamar ya yi yawa, a cikin ƙungiya daidai ne. In EQ ne, nakan ƙara ɗan tozo tsakanin 800 Hz da 1,000 Hz, domin fitowar solo ta fi dogara ga tsakiya bisa ga ƙara. Kada ka ɗauki kwafin feda irin Klon ko Tube Screamer ka sa a nan, an yi su ne don siginar jita ɗanya, a bayan akwati sukan ɓata sautin.

Akwai hanyar da ta fi wannan tsabta, kuma ita nake koya wa yara masu tasowa: ka soma gina sautin solo a matsayin mafi ƙarar abin da za ka fitar, mai miksa ya saita layinka a kansa, sannan ka rage sautin rakiya da desibel uku ko huɗu. Ta haka ba za ka taɓa tsallake abin da aka ware maka ba. Dalilin muhimmancin wannan shi ne iyakar ba ɗaya ba ce. Bayan ta bulok na amfilifaya, akwai ta mafitar na'urar, inda lissafi ke komawa lantarki. Can ciki na'urorin zamani suna da sarari mai yawa tsakanin bulok da bulok, amma a ƙofar fita akwai silin da ba a wucewa, kuma datsewar wurin ba ta da daɗi ko kaɗan, ƙaras-ƙaras take. Sai ta miksa, sai ta manyan amfilifayoyin fili. Na taɓa tsayawa bayan miksa a wani ɗakin biki ana gwajin sauti, wani matashi yana taka bust ɗinsa da ya jera daidai, bayan akwati, amma ba abin da ke motsi a sifika. Da na duba layinsa, jar fitilar miksar tana ƙiftawa tun yana rakiya, ga kuma na'urar matse sauti da aka ɗora masa tana danne duk abin da ya ƙara. Muka rage maɓallin shigar layin har fitilar ta koma kore, aka sassauta matsewar, aka ɗaga abin zamewar. Da ya sake takawa, mai ganga da kansa ya ɗago kai ya dube shi.

Ka kuma lura da bambancin maɓallan da ke cikin bulok na amfilifaya. Gain ko Drive yana ƙara kaushin farko. Master yana tura sashen ƙarshe na amfilifayar, shi ma in ya hau kaushi da matsewa yake kawowa. Akwai na uku, Helix na kiransa Ch Vol, wasu Level, wanda ba ya taɓa launin sauti, ƙara kawai yake ɗagawa. Mutane da yawa suna ƙure Master suna zaton shi ne ƙara, alhali sararin da ya rage suke cinyewa. In na'urarka tana yarda a ɗaura maɓalli a makunnin ƙafa, abin da Helix ke yi da Snapshots, Fractal da Scenes, Boss da Assign, to ka ɗaura wannan na ukun, ba ka ma bukatar bulok na bust. Wannan yana da amfani a ƙananan na'urori, domin Zoom G1X Four abu biyar take ɗauka a lokaci guda, HX Stomp takwas, kowane gurbi yana da daraja.

Me ya sa ɗaki ya yaudare ka

Kunnen ɗan Adam ba ya jin kauri da kaifi sosai idan sauti yana ƙasa-ƙasa. Fletcher da Munson sun auna wannan tun 1933. Da dare a hedifon, kana gudun tayar da mutanen gida, za ka yi ta ƙara bes da kaifi har sautin ya cika maka kunne. Gobe a fili aka buɗe shi da ƙarfi, sai kaurin ya yi ta gunji, kaifin ya yi ta suka. Kaurin naka kuma yana faɗa ne a gonar mai bes da babbar ganga, kaifin a gonar faranti da saman kibod, kuma duk sun fi ka ƙarfi a can. Tsakiya ce taka, ita kuma ka loɓe ta don a ɗaki ta yi maka kamar hanci-hanci. Ga kaushi mai yawa ya shafe ƙarfin bugun farko na kowane amo, wanda da shi kunne ke gane jita a cikin taro.

Abu na biyu shi ne sifika. Sifikar jita ta gaske, mai inci 12, tana soma yin kasala daga wajen 5,000 Hz, kuma wannan kasalar ita take tace tsinin 'ya'yan amo da datsewa ta haifar. Sifikun biki kuwa suna da ƙaho mai kai sauti har sama da 15,000 Hz. Tunda kai tsaye kake shiga miksa, tilas bulok na akwatin sifika ko IR, wato hoton sautin akwatin sifika na gaske, ya kasance a kunne, kuma saitin mafitar na'urar ya kasance na layi ko miksa, kada ya zama na shiga amfilifayar jita. Wasu na'urori in ka zaɓi na amfilifaya sukan kashe akwatin da kansu ba tare da sun gaya maka ba. Wannan nake fara zargi duk lokacin da aka ce min obadiraif yana soke kunne. In akwatin yana kunne kuma tsinin bai tafi ba, ka yanke sama daga 6,000 zuwa 7,000 Hz, ka yanke ƙasa daga 80 zuwa 100 Hz. Tsirkiya mafi kauri a jita 82 Hz take, ba abin da za ka rasa a ƙasa da haka sai gurnani.

Wanne za ka ɗauka

Ka kashe duk fedoji, ka fara da amfilifaya. Ka zaɓi wadda za ta tsaya a bakin gaɓa: in ka shafa tsirkiya a hankali garau, in ka buga da ƙarfi ta ɗan yi gurnani. Kwafin Fender Deluxe ko Vox AC30 sun dace da wannan. Sai ka sa Tube Screamer a gabanta, Drive wajen biyu ko uku cikin goma, Tone a tsakiya, Level ya ɗan wuce inda ƙarar ke daidai da ta kashe. Ka yi ta takawa kana kashewa. Abin da kake so ka ji shi ne jitar ta matso gaba, ta rage tumbi, amon ya ɗan ƙara tsawo. In tozon ya yi maka yawa, musamman in fikof ɗin jitarka, wato abin da ke ɗaukar kaɗawar tsirkiya, mai naɗin waya biyu ne wanda dama yana da tsakiya, ka koma Klon ko kwafin Boss Blues Driver, waɗanda ba sa yanke ƙasa sosai. In kana bin salon makaɗan Agadas, inda tsirkiya ɗaya ke ta kuka a sake yayin da yatsu ke gudu a kan sauran, ka fi bukatar kowane amo ya fita daban, don haka amfilifaya garau da ɗan obadiraif a sama sun fi amfilifaya mai kaushi. Na fi son a samu yawancin kaushin daga turin Level cikin amfilifaya maimakon daga Drive na fedar, domin haka sautin ya fi bin hannu. Wannan son raina ne, akwai ƙwararrun da ke ajiye amfilifaya garau su ɗauko duk kaushin daga feda, kuma sautinsu ba laifi.

In za ka haɗa biyu, ka tuna ta ƙarshe ce ke da ta cewa a kan launi. Bust gaban obadiraif kaushi yake ƙarawa, bust bayansa amfilifaya yake turawa. Dokar nan ɗaya ce dai take maimaita kanta a kowane mataki. Fiye da biyu a kiɗan biki ban ga amfaninsa ba. Kuma kada ka manta da maɓallin ƙarar da ke jikin jitar. In firiset ya ginu daidai, daga goma ka sauko bakwai sautin zai wanke ya koma kusan garau, ka ga ka sami wata feda kyauta a ƙarƙashin ƙaramin yatsanka.

Shuuu, da wasu halaye na na'ura

Duk ƙarin desibel shida ninka sigina ne, kuma hayaniyar da ke tafe da ita ma ninkuwa take. Bust bai ƙirƙiri shuuu ɗin ba, tono shi ya yi. Fikof mai naɗin waya ɗaya irin na Stratocaster yana kwasar gunjin wuta, wanda a Najeriya da Nijar 50 Hz ne, kuma janaretan biki da fitilun ado masu walƙiya suna ƙara masa. Matsayi na biyu da na huɗu a makunnin fikof na yawancin irin waɗannan jitoci yana kashe gunjin. Ka yi amfani da adaftar da ta zo da na'urar, kada ka raba soket da fitilu, ka sa bulok mai toshe hayaniya a farkon jeri, ka ɗaga shi daidai inda shuuu zai ɗauke idan ka dafe tsirkiya. In ka wuce nan zai riƙa guntule maka wutsiyar amo.

Ƙofar shiga ita ma tana da tasiri. An gina kwafin fedojin ne bisa zaton wani ƙarfin sigina, to jita mai fikof mai batir ko mai zafin fita za ta sa kowane firiset ya fi yadda aka tsara shi kaushi. In akwai Pad ko saitin ƙarfin shiga, ka duba shi, ka tabbata fitilar shiga ba ta yin ja idan ka yi bugu mafi ƙarfi. Wasu na'urori, Helix na ciki, suna kuma canja nauyin da ƙofar ke ɗora wa fikof. Yawancin amfilifayoyi ohm miliyan ɗaya ne, amma tsofaffin fedoji irin Fuzz Face da Rangemaster nasu ƙasa yake sosai, kuma wannan nauyin yana cikin abin da ke ba su halinsu na wankewa idan an rage ƙarar jita. In kana amfani da na'urar tura sigina marar waya, wannan mu'amala ta yanke, domin fikof ɗin ba ya ganin ƙofar kai tsaye. Saboda haka kwafin Fuzz Face da na Rangemaster su ne na fi jin bambancinsu da na gaske. Na Tube Screamer da Klon kuwa, a cikin ƙungiya da ƙarar fili, ni kunnena ba ya raba su da na asali.

Akwai aibi ɗaya da na lissafi ne kawai. Na'urar da ke ɗaukar samfurin sauti sau 48,000 a daƙiƙa ba ta iya riƙe abin da ya wuce 24,000 Hz. 'Ya'yan amon da datsewa ta haifa sukan wuce nan, sai su naɗo baya: na 30,000 ya dawo 18,000, na 45,000 ya dawo 3,000, wurin da kunne ke ji sosai kuma ba ya cikin waƙar. Masu ƙera na'ura suna magance shi ta ninka saurin lissafi a wurin datsewa, abin da ke cin ƙarfin kwakwalwar na'urar, shi ya sa ya fi fitowa a tsofaffi da masu araha. Za ka iya gwadawa. Ka kunna kaushi mai yawa, ka kama siririyar tsirkiya can sama kusa da ƙarshen wuya, ka ja ta sama a hankali. In ka ji wani siririn fito yana sauka alhali kai hawa kake, shi ne. Maganinsa a wurinka rage Gain da rage yawan bulok masu datsewa a jere.

In kuwa na'urarka irin mai ɗaukar hoton sauti ce, kamar Kemper ko Tonex ko Quad Cortex, ka sani hoton na saiti ɗaya ne da aka ɗauka a rana ɗaya. Da yawa daga waɗanda ake saukewa a intanet an ɗauke su ne da Tube Screamer a gaba tun asali, galibi sunan fayil ɗin yana nunawa. In ka ɗora wata a kai ka yanke ƙasa sau biyu, sautin ya zama siriri. Ga irin waɗannan ka nemi hoton da aka ɗauka da ƙaramin kaushi, ka tura shi da kanka.

Lambobin da na ba ka wurin farawa ne. Ban ji jitarka ba, ban ga sifikun da kuke haya ba, kuma uku a maɓallin wani kamfani ba lalle ta zama uku a na wani ba. Kafin bikinku na gaba ka roƙi mai kayan sauti ya ba ka rabin awa kafin jama'a su taru, ku kunna da mai kibod da mai ganga a ƙarar da za a yi aiki da ita. Ka fara duba akwatin sifika da saitin mafita, ka mayar da bust bayan akwati, ka rage Gain har sai ka ji kamar ya yi kaɗan, ka adana firiset ɗin a sabon gurbi don ka iya kwatanta shi da tsohon. In bayan haka solo bai fito ba, ka rubuto min jerin bulok ɗinka daga hagu zuwa dama da lambar da ke kan kowane maɓalli, da irin fikof ɗin jitarka, mu bi su ɗaya bayan ɗaya.